Yoga: Miƙa da Numfashi Domin Lafiyar Manya

  

Shekara ashirin ke nan ina aikin jinya, kuma babu kukan da na fi ji daga bakin manya kamar wannan: "Nas, bayana ya riƙe." Wani ya ce kwankwaso ne, wata ta ce ƙugu, wani kuma ya ce idan ya sunkuya ba ya iya miƙewa sai ya dafa gwiwa. Bayan wannan sai kukan rashin barci, da faɗuwar gaba, da gwiwar da ba ta son tsugunno.

Akwai wani manomi da ba na mantawa da shi. Shekarunsa sun haura hamsin kaɗan. An kawo mana shi a bayan babur, idanunsa sun yi fari fat, ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Matarsa ta miƙo mini wata leda cike da fankon ƙwayoyin kashe ciwo, irin waɗanda ake saye a faranti ranar kasuwa. Ta ce damina biyu ke nan ba ya fita gona sai ya haɗiyi biyu ko uku, sau da yawa tun bai karya ba. Ƙwayoyin sun ci masa ciki har gyambo ya fashe, bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta. Sai da aka ƙara masa jini kafin ya dawo hayyacinsa. Da likita ta duba bayan nasa, ba ta sami karaya ko wata muguwar cuta ba. Baya ne da ya gaji, ya ƙage, tsokar da ke riƙe shi ta yi rauni. Ciwon da ba ya kisa ya kusa kai shi kabari ta hanyar maganin da yake sha.

Saboda irinsa na rubuta wannan littafi. Akwai wata hanya ta lallashin jiki da ba ta cin ko dala, ba ta son komai sai tabarma da minti goma sha biyar. Sunanta yoga.

Mece ce yoga, daga ina ta fito?

Yoga daga ƙasar Indiya ta fito, kuma ta daɗe ƙwarai. Kalmar ta samo asali ne daga tsohon harshensu na Sanskirit, daga wata kalma mai nufin haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa biyu da karkiya ɗaya. Fiye da shekara 1,500 da suka wuce, wani malaminsu mai suna Patanjali ya tattara koyarwarta a cikin gajerun jimloli kusan 200. A wancan zamani abin da aka fi nufi da ita shi ne horar da zuciya da zama shiru.

Irin wadda ta bazu a duniya yanzu, mai miƙe-miƙen jiki, ta yi ƙarfi ne a ƙarnin da ya wuce. Wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar da ita a birnin Maisur na kudancin Indiya a shekarun 1930. Cikin almajiransa akwai B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918. Yaro ne mai yawan laulayi, ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro da tarin tibi da taifot tun yana ƙarami. Shi ne ya shahara wajen amfani da kujera, da bango, da igiya, da bargo, domin tsofaffi da marasa ƙarfi su ma su iya. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95. A watan Disamba na wannan shekara ta 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

Yogar da ake koya wa marasa lafiya a asibitoci abu uku ta ƙunsa: miƙa gaɓoɓi a hankali a tsaya a haka na ɗan lokaci, jan numfashi mai tsawo, da kwantawa shiru jiki ya saki. Ba a tsalle, ba a gudu, ba a gasa da kowa.

"Ai mu kullum cikin aiki muke"

Wannan ita ce amsar farko da nake samu, kuma akwai gaskiya a cikinta. Wanda ya wuni yana noma, da wadda ta yi daka ta ɗebo ruwa ta yi wanki, ba malalata ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Da yawanku kuna cika wannan kafin rana ta biyu ta faɗi.

Amma ku lura da yadda aikin yake. Mai fartanya a sunkuye yake tun hantsi har azahar. Mai shara da gajeriyar tsintsiya a sunkuye take. Mai wanki, mai tsinkar gyaɗa, mai hura wuta, duk gaba suke lanƙwasa. Tela, da ɗan acaɓa, da mai tsaron shago kuwa a zaune suke wuni. Aiki yana tanƙwara jiki ta fuska ɗaya, shekara da shekaru, babu abin da ke mayar da shi ta ɗaya fuskar.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera ɗaya bisa ɗaya, guda biyar na ƙasa su ne na kwankwaso, kuma su suke ɗaukar mafi yawan nauyi. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Tsokar ciki, da ta baya, da ta mazaunai su suke riƙe wannan jeri kamar yadda igiyoyi suke riƙe rumfa. Idan igiyar wani gefe ta ɗaure tamau, ta wani gefen kuma ta saki, rumfa sai ta karkace. Abin da yoga take yi shi ne ta sassauta wadda ta ɗaure, ta ƙarfafa wadda ta saki.

Ku dubi kyanwa idan ta tashi daga barci. Ba ta zabura ta kama tafiya sai ta gantsare, ta miƙe ƙafafun gaba, ta miƙe na baya. Mu ne muke tashi daga shimfiɗa mu ɗauki buhu jiki bai farka ba.

Amfani na farko: ciwon baya

A nan ne shaida ta fi ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon kwankwaso, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Mafi yawansu, idan aka duba, ba a samun karaya ko wata cuta da za a nuna a ce ga ta.

An gwada yoga a kan irin waɗannan mutane. A Ingila, masu bincike na Jami'ar York sun ɗauki mutum 313 masu ciwon baya, suka koya wa rabinsu yoga har mako 12. Sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna waɗanda suka koya sun fi sauran iya ayyukansu na yau da kullum, ko da yake ciwon bai ɓace ba. A birnin Boston na Amurka kuma an gwada mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi. Sakamakon 2017 ya nuna yoga ta mako 12 ta yi musu amfani daidai da zuwa sashen gashin ƙashi na asibiti. A wannan shekara ta 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawara cewa mai daɗaɗɗen ciwon baya ya fara gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba, har da yoga, kafin a kai ga magani.

Ku lura da kyau: ba a ce ciwon yana tafiya ɗungum ba. An ce yana raguwa, mutum yana iya sunkuyawa, ya yi tafiya, ya yi aikinsa. Ga wanda abincin gidansa yake hannunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni ma shaida ce. Ɗaga marasa lafiya daga gado zuwa gado ya taɓa riƙe mini baya har na kasa ɗaura takalmi. Wata abokiyar aiki ta sashen gashi ce ta nuna mini miƙar da zan koya muku a ƙasa. Mako biyun farko ban ga komai ba, har na so in bari. A wata na biyu ne na lura na daina neman ƙwaya kafin in fita aiki. Har yanzu bayan yakan motsa idan na yi sakaci, amma na san abin da zan yi masa.

Amfani na biyu: zuciya da hawan jini

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan hankali ya tashi, numfashi yakan gajarce ya tsaya a ƙirji, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su matse. Haka jiki yake shirin gudu idan ya ga maciji. Matsalar ita ce, tunanin bashi, da kuɗin makaranta, da rashin ruwan sama su ma suna tayar da wannan shiri, kuma su ba sa wucewa kamar maciji.

Idan mutum ya ja numfashi a hankali har ciki ya taso, ya kuma sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, kamar sau shida a minti, akwai jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da take karɓar saƙon cewa babu haɗari. Sai bugun zuciya ya lafa. Masu yin haka kullum, awon jininsu yakan sauka kaɗan. Na ce kaɗan. Wanda awonsa yake kai 140 bisa 90 ko ya wuce, har likita ya ɗora shi a kan magani, yoga ba za ta maye masa maganin ba. Mataimakiya ce, kamar rage gishiri da barin taba. Na ga mutanen da suka ji daɗin jikinsu suka ajiye magani, bayan wata kaɗan aka kawo su ɓarin jiki ya shanye. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.

Haka ma mai ciwon suga. Motsa jiki yana taimaka wa tsoka ta sha sugan da ke cikin jini, amma ba a barin magani ko allura saboda shi.

Amfani na uku: barci da damuwa

Da yawa daga cikin matan da suke zuwa da "ciwon jiki duka", idan na zauna da su na tambaya a hankali, sai in tarar rabonsu da barci mai daɗi an yi watanni. Jiki yana kwance, zuciya tana kasuwa. Minti biyar na dogon numfashi kafin kwanciya, da sakin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, yana taimaka wa mutane da yawa barci ya ɗauke su da wuri. Wanda ya yi barci kuwa, ciwon da yake ji washegari yakan yi sauƙi, domin rashin barci yana ƙara wa ciwo zafi.

Amma idan baƙin ciki ya yi nauyi, har mutum ya daina cin abinci, ya daina son mutane, ko yana jin gara ya mutu, wannan ciwo ne mai magani. A kawo shi asibiti, kada a bar shi da miƙa kaɗai.

Amfani na huɗu: tsufa ba tare da faɗuwa ba

Faɗuwa ba abin wasa ba ce ga tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kimanin mutum 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Tsohuwar da ta zame a makewayi ta karya ƙashin ƙugu, sau da yawa ba ta sake takawa. Kwanciya kuma tana jawo gyambon baya da ciwon huhu.

Iya tsayuwa daram abu ne da ake koyo, ake kuma mantawa idan ba a yi. Shi ya sa Hukumar ta ce duk wanda ya kai shekara 65 ya riƙa yin motsin da ke ƙarfafa ƙafa da tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Za ku ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne ga icce. Tsokar mutum kuwa tana ƙara ƙarfi ko yana da shekara tamanin, in dai an bi ta sannu.

Su wa za su fara ganin likita?

Ba kowane ciwon baya ne gajiya ba. Idan kuna da ɗaya daga cikin waɗannan, kada ku fara miƙa, ku zo a duba ku:

Ciwon baya tare da zazzaɓi, ko zufar dare, ko rama, ko tarin da ya wuce mako biyu. Tarin tibi yana kama ƙashin baya, ya cinye shi har ƙusumbi ya fito, kuma yana da magani idan an zo da wuri.

Ƙafa ta yi rauni, ko tana ja, ko ta mutu ba a jin taɓi.

Fitsari ko bayan gida yana zubowa ba da sani ba, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu. Wannan na gaggawa ne, a zo a ranar.

Ciwon ya fara ne bayan faɗowa daga itace, ko daga babur, ko bayan duka.

Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, yana tayar da mutum tsakar dare.

Ciwon gefen baya tare da zafin fitsari ko jini a fitsari. Wataƙila ƙoda ce.

Waɗannan kuma su tambayi ma'aikacin lafiya abin da ya dace da su: mai ciki, da mai jegon da ba ta yi arba'in ba, da wanda aka yi wa tiyata cikin watannin nan, da mai gwaiwa ko ƙaba, da mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin ido, da wanda ya taɓa karaya daga 'yar ƙaramar faɗuwa.

Wataƙila kun ga hotuna a waya, mutum ya tsaya da ka, ko ya naɗe ƙafa a wuya. Wannan ba namu ba ne. Irinsa ne yake jawo rauni a wuya da baya, kuma babu lafiyar da yake ƙarawa wadda miƙa mai sauƙi ba ta bayarwa.

Shin yoga addini ce?

An sha yi mini wannan tambaya, Kirista sun yi, Musulmi sun yi, kuma ba zan ɓoye muku ba. Tushenta yana cikin addinan Indiya, musamman Hindu. Har yau akwai masu haɗa ta da wasu kalmomi da ake rerawa, da gaisuwa ga rana. Abin da ke cikin wannan littafi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a kiran sunan kowa, ba a rusuna wa komai. Miƙa ce da numfashi, irin wadda ake koyarwa a sashen gashi. Mai so ya yi shiru, mai so ya yi addu'arsa yadda ya saba. Idan zuciyarku ba ta kwanta ba, ku kai littafin wurin fastonku ko malaminku ku duba tare. Idan sunan ne ya dame ku, ku kira shi miƙa. Bayanku bai san sunan ba.

Yadda za ku yi

Ku sami tabarma ko bargo a wuri mai laushi daidai, ba katifa mai lotsawa ba. Ku sa tufa sakakkiya. Mata su sa wando a ƙarƙashin zane, su yi a cikin ɗaki idan sun fi sakewa. Da safe kafin karin kumallo ya fi, ko da yamma bayan an dawo aiki an huta. Idan an ci tuwo, a bari sai bayan awa biyu.

Doka ɗaya ce: jan da ke da daɗi, a tsaya a kai. Zafi mai suka, ko wanda yake sauka ƙafa kamar wuta, ko jiri, a bari nan take. Kada a riƙe numfashi. Jiki magayi ne, ku saurare shi.

Na ɗaya, numfashin ciki. Ku kwanta rigingine, ku tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ku ɗora hannu a kan cibiya. Ku ja iska ta hanci kuna ƙirga ɗaya zuwa huɗu, har hannun ya taso. Ku sake ta a hankali kuna ƙirga ɗaya zuwa shida. Sau goma.

Na biyu, rungumar gwiwa. Kuna nan kwance, ku jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu. Idan gwiwar tana ciwo, ku riƙe ta bayan cinya. Ku tsaya numfashi biyar, ku sauya ƙafa. Sau uku kowane gefe.

Na uku, gada. Gwiwoyi a tanƙware, hannuwa a gefe. Ku matse mazaunai, ku ɗaga ƙugu daga tabarma har cinya da ciki su yi layi ɗaya. Kafaɗu da kai suna ƙasa, kada a juya wuya. Ku tsaya numfashi uku, ku sauka sannu. Ku fara da sau biyar, bayan mako biyu ku kai goma. Wannan ce take ƙarfafa tsokar da ke ɗauke wa baya nauyi.

Na huɗu, miƙar kyanwa. Ku juya ku tsaya kamar mai rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. Ku shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin gwiwa idan ƙasa tana da tauri. Lokacin sakin numfashi ku tura tsakiyar baya sama, haɓa ta nufi ƙirji. Lokacin jan numfashi ku bar ciki ya sauka, ƙirji ya buɗe, ku dubi gaba. Sau takwas, ba da sauri ba.

Na biyar, ɗaga ƙirji. Ku kwanta rub da ciki, ku dogara a kan gwiwar hannu, ƙirji ya ɗago, cibiya tana ƙasa. Ku saki kwankwaso. Ku tsaya numfashi biyar, ku kwanta, ku sake sau uku. Wannan ita ce kishiyar sunkuyon gona. Mai ciki ba za ta yi ta ba. Idan ta sa ciwo ya sauka ƙafa, a bar ta.

Na shida, tsayuwar bishiya. Ku tashi ta gefe, sannu, ku tsaya kusa da bango, hannu ɗaya yana dafe da shi. Ku kafa ido a wuri ɗaya. Ku ɗaga ƙafa ɗaya ku jingina diddigenta a idon sawun ɗayar. Ku ƙirga goma, ku sauya. Da tafiya ta yi tafiya za ku kai talatin, hannun kuma ya koma yatsa ɗaya a bango. Tsoho kada ya yi shi kaɗai a farko, a sami wani a tsaye kusa.

Na bakwai, hutu. Ku koma rigingine, ku sa matashi ko naɗaɗɗen zane a ƙarƙashin gwiwoyi. Ku rufe ido. Ku saki yatsun ƙafa, sannan ƙafa, cinya, ciki, hannu, kafaɗa, har muƙamuƙi da goshi. Minti uku zuwa biyar. Kada ku tsallake wannan don kuna ganin kwanciya ce kawai. Da kun gama, ku juya gefe, ku zauna, ku ɗan jira kafin ku miƙe, musamman masu shan maganin hawan jini.

Wanda ba ya iya sauka ƙasa, ya yi numfashin da miƙar kyanwa a zaune a kan kujera mai ƙarfi, hannuwa a kan gwiwa. Ya ƙara da tashi da zama daga kujerar sau biyar zuwa goma.

A gona ma, duk bayan ɗan lokaci ku miƙe tsaye, ku dafa ƙugu da hannu biyu, ku ɗan gantsare baya sau uku kafin ku koma kunya. Wajen ɗaukar buhu ko jarka, ku tanƙwara gwiwa, ku jawo kayan kusa da jiki, ƙafafu su yi ɗagawar.

Yaushe za a ga amfani?

Ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ce. Gwaje-gwajen da na ambata mako 12 suka ɗauka. Ku ba ta wata uku, aƙalla kwana huɗu a mako. Kwana biyun farko jiki yakan yi ɗan tsami, wannan ba komai ba ne. Minti goma kullum ya fi awa guda sau ɗaya a wata. Idan kun sami abokin yi, miji da mata, ko maƙwabta, ko ƙungiyar mata bayan taronsu, za ku fi daɗewa a kai.

Game da ƙwayoyin kashe ciwo, irin su diclofenac da ibuprofen, ba a shan su kullum, ba a shan su da yunwa, ba a kuma haɗa biyu. Suna cin ciki, suna lalata ƙoda, suna ƙara hawan jini. Tramol kuwa yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, kuma yana sa farfaɗiya. Wanda ya riga ya saba da shi ya zo mu taimake shi ya rage a hankali. Babu wanda zai yi masa gori.

Manomin nan da na ba ku labarinsa ya dawo a duba shi bayan kaka. Da na tambaye shi baya, sai ya yi dariya ya ce jikokinsa sun mayar da shi abin kallo, da asuba sai su jeru a bayansa suna rarrafe suna kukan kyanwa. Ya ce bayan yana nan yana yi masa magana, amma ya daina yi masa tsawa. Ya nome gerorsa da gyaɗarsa a wannan damina ba tare da ledar nan ba.

Idan za ku zo asibiti nan gaba, ku riƙo wannan littafi. Ku nuna mana yadda kuke yi, mu gyara muku inda ya karkace, mu kuma auna jininku. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa, a nuna masa da jiki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.